Neman gurbi a jami'o'in Amurka: sammakon da ke ɗaure ɗalibi da wanda ba ya ɗaurewa

A nan gida mun saba ɗalibin aji shida ya yi rajistar JAMB a farkon shekara, ya rubuta jarrabawa, sannan ya jira gurbi a wannan shekarar. Jami'o'in Amurka ba haka suke ba. Ɗalibin da zai fara karatu a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, tun Nuwamba ko Janairun da ya gabata ake rufe karɓar takardunsa. Ɗalibi mai ƙwazo kan rasa shekara guda cur don kawai bai san wannan lissafi ba. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu baje muku ranakun, da abin da kowace ƙofa take nema daga wanda ya bi ta.

Ƙofofi huɗu

Jami'o'i fiye da 1,000 suna karɓar fom guda ɗaya ta intanet mai suna Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta kowace shekara. Fom ɗaya ne, amma kowace jami'a da tata ranar rufewa.

Ƙofa ta farko ita ce ta gama-gari, wadda a shafukansu za ku ga an rubuta Regular Decision. Yawanci ana rufe ta daga 1 zuwa 15 ga Janairu, amsa ta zo a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ɗalibi kuma yana da har 1 ga Mayu ya zaɓi inda zai je.

Ta biyu ita ce sammako marar alkawari, wato Early Action. Ana miƙa takardu zuwa 1 ga Nuwamba ko tsakiyar watan, amsa ta zo daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu. Ko an ɗauke ka, babu tilas: kana iya neman wasu jami'o'in, ka jira har 1 ga Mayu. MIT haka take yi. Harvard da Yale da Princeton da Stanford su ma ba sa tilasta wa kowa zuwa, sai dai sun sa sharaɗi: wanda ya yi musu sammako ba zai yi wa wata jami'a mai zaman kanta a Amurka sammako a lokaci guda ba.

Ta uku ita ce sammako mai alkawari, wato Early Decision, irin na Columbia da Brown da Cornell da Dartmouth. Ranakunsa kusan ɗaya ne da na baya, amma a nan akwai sa hannu. Ɗalibi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa da malamin da ke ba da shawara a makaranta duk za su rattaba hannu cewa idan an ɗauke shi zai je, kuma zai janye takardunsa daga sauran jami'o'i. Jami'a ɗaya tak ake yi wa wannan alkawari. Wasu suna da zagaye na biyu a Janairu, amsarsa ta zo a Fabrairu.

Ta huɗu ita ce buɗaɗɗiyar ƙofa, Rolling Admission, irin ta Arizona State da Jami'ar Pittsburgh. Ana duba takardu yayin da suke isowa, a ba da amsa cikin makonni. A nan wanda ya makara zai tarar gurabe da kuɗin tallafi sun ragu.

Akwai kuma masu tsarin kansu. Jami'ar Kalifoniya tana da fom nata daban, ba ta da sammako, kuma a ƙarshen Nuwamba take rufewa ga kowa. MIT ma ba ta amfani da Common App.

Alkawari kaya ne

Abin da ke jan ɗalibai zuwa sammako mai alkawari shi ne, a jami'o'i da yawa kason waɗanda ake ɗauka ta nan ya fi na ƙofar gama-gari. Dalilin a fili yake: jami'a tana son ɗalibin da ta tabbata zai zo. Amma ku sani, cikin masu sammakon akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, don haka alƙaluman ba sa nuna ainihin damar kowa.

Babban abin dubawa shi ne kuɗi. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, karatu da ɗaki da abinci kan haura dala 80,000 a shekara. Yawancinmu sai da tallafi. Wanda ya ɗaure kansa da jami'a ɗaya ya rasa damar jera tayin jami'o'i uku ko huɗu ya ga wanda ya fi sauƙi ga iyayensa. Gaskiya ne ana iya sakin ɗalibi daga alkawarin idan tallafin bai ishe shi ba, amma a lokacin Disamba ta yi nisa, kwanaki kaɗan suka rage a rufe ƙofar Janairu.

Don haka kafin ku sa hannu ku binciki yadda jami'ar take yi da ɗaliban ƙasashen waje. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst ba sa duba aljihun ɗalibi wajen ɗauka, kuma suna cike duk gibin da suka tabbatar iyali ba za su iya biya ba. Jami'o'i da yawa kuwa suna la'akari da yawan tallafin da ɗalibi ya nema kafin su yanke hukunci. Fom ɗin neman tallafi, wanda da yawansu ke kira CSS Profile, shi ma yana da ranar rufewarsa, galibi dab da ta neman gurbin.

Amsar sammako iri uku ce: an ɗauke ka, ba a ɗauke ka ba, ko an ɗage ka zuwa zagayen gama-gari. Wanda aka ɗage, alkawarin ya sauka daga wuyansa.

Ku ƙirga daga baya

Mu ɗauki 1 ga Nuwamba. Kafin ranar ana bukatar insha'i mai kalmomi 250 zuwa 650 game da kai, wasiƙun shaida daga malamai, da sakamakon zangunan karatu na shekarun sakandare. Ku ba malamai aƙalla wata guda, kada ku je musu ana gobe. MIT da Harvard suna bukatar sakamakon SAT ko ACT, kuma mai sammako ya fi samun kwanciyar hankali idan ya gama jarrabawar zuwa Oktoba. Ke nan shiri tun aji biyar yake farawa.

Ɗalibin aji shida ba shi da sakamakon WAEC a Nuwamba, tunda sai Mayu da Yuni ake rubutawa. Jami'o'in za su dubi sakamakon makaranta, daga baya a aika musu na WAEC. Wasu kan jira sai sun gama, su nema da cikakken sakamako a hannu. Duka hanyoyin biyu suna yiwuwa.

Kuɗin fom a manyan jami'o'i kan kai dala 70 zuwa 90, amma ana iya neman a yafe wa wanda ba shi da hali. Kuma kada ku bari sai daren ƙarshe: an ɗauke wuta ko intanet ya tsaya ba uzuri ba ne da za ku dogara da shi. Ku tura kwana uku kafin ranar. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan wannan, har da batun biza, wadda dokokinta ke sauyawa, don haka ku tambaya tun kafin ku kashe ko kwabo.

Shawararmu ita ce: idan takardunku sun kammala kuma kuna bukatar tallafi, sammako marar alkawari ya fi aminci. Mai alkawari sai ga wanda ya zauna da iyayensa, suka yi lissafi, suka yarda da jami'a ɗaya. Idan kuwa insha'inku bai nuna ba ko sakamakonku na iya ƙaruwa, ku jira Janairu. A wannan makon ku ɗauki takarda, ku rubuta jami'o'i biyar, gaban kowace ku sa ranar rufewa da irin ƙofarta da ranar fom ɗin tallafi, ku tabbatar da su daga shafin jami'ar da kanta, sannan ku kai wa malaminku ku duba tare.