Nutso a tekun Zanzibar

Zanzibar tsibiri ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye ko ta ina. Yana cikin Tekun Indiya, gabas da Afirka, a ƙasar Tanzaniya. Ruwan tekun can yana da ɗumi duk shekara, kuma garau yake. Shi ya sa baƙi suke zuwa daga Turai da sauran ƙasashe su yi hutu. Waɗansu kwanciya kawai suke yi bisa rairayi. Waɗansu kuwa abin da ke ƙarƙashin ruwa ne ya kawo su.

Kwalekwale mai inji yana kai su kusa da wani ɗan tsibiri da ake kira Mnemba. A nan akwai duwatsun murjani cikin ruwa. Ƙananan halittu ne suka gina su sannu sannu, shekara da shekaru. Kifaye masu launi iri-iri da kunkurun teku suna yawo tsakaninsu.

To, mutum ba kifi ba ne. Ku gwada riƙe numfashinku: da ƙyar za ku kai minti ɗaya. Yaya mai nutso yake yin minti 40 a ƙarƙashin ruwa? Da iskarsa yake tafiya. Yana goya kwalbar ƙarfe a baya. Kwalba mai cin litir 12 ana danna mata iska har litir 2400, watau cikin tano 12 ke nan. Tiyo yana kawo iskar zuwa bakinsa. A shekarar 1943 ne Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙera na'urar da ke sakin iskar daidai yadda mutum yake shaƙa. Mai nutso yana kuma sa madubi a idanunsa, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa.

Kuna tsammani kifi mai cizo ne babban hatsari? A'a, nauyin ruwa ne. Duk wanda ya taɓa nutso cikin tabki mai zurfi ya ji kunnuwansa suna ciwo. Ruwan da ke bisa kansa ne yake danna su. A zurfin metir 10, dannawar ta ninka wadda muke ji a tudu sau 2. A metir 20 ta ninka sau 3.

Da za ku hura balan-balan ku kai ta metir 10, sai ta motse ta koma rabin girmanta. In kuka hura ta can ƙasa kuka sake ta, sai ta yi ta kumbura tana hawa, har ma ta fashe. Huhun mutum kamar balan-balan ɗin nan yake. Don haka doka ta farko ita ce: kada mai nutso ya riƙe numfashinsa, balle lokacin da yake hawowa.

Doka ta biyu ta fi wuyar ganewa. Kusan kashi 4 cikin 5 na iskar da muke shaƙa wata iska ce mai suna azot. A ƙarƙashin ruwa tana shiga jini da yawa. Kun ga yadda lemun kwalba yake kumfa in aka buɗe shi da sauri? Haka jini yake yi in mai nutso ya fito da gaggawa. Kumfar tana sa ciwon gaɓoɓi, tana iya shanye ƙafafu, tana iya kisa. Saboda haka yana hawowa a hankali, kamar metir 10 cikin minti ɗaya. In ya rage metir 5 ya fito, sai ya tsaya minti 3 tukuna.

Ba a nutso mutum ɗaya, sai biyu biyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Da yake ba a magana cikin ruwa, da hannu suke yin ta. Wanda ya ɗaga babban yatsa sama, cewa yake: «Mu hau.»

Ko ranar komawa gida da sauran ka'ida. Can sama iska ba ta danna jiki kamar a ƙasa, sauran azot ɗin kuwa yana iya kumfa. Shi ya sa baƙon yake barin nutso kwana ɗaya kafin ya shiga jirgin sama.