Idan uba yana gidan yari, wa zai ciyar da 'ya'yansa?

Duk ranar Laraba, tun da sanyin safiya Kasuwar Oil Mill da ke kan titin Aba a Fatakwal take cika. Cikin masu neman abinci a wurin akwai 'yan Arewa da dama: masu albasa, masu wake, masu tura baro. Da yawansu iyalansu na gida, a Sakkwato ko Katsina ko Kano, suna jiran abin da za a turo in kasuwa ta tashi. To mai karatu, ka ɗauka ɗaya daga cikinsu ƙanenka ne, rigima ta haɗa shi da wani, aka kama shi, kotu ta tura shi gidan yari. Laraba ta zagayo, matarsa ta ji shiru. Wa zai ciyar da yaran?

Kada ka ce ai kwana biyu ne. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Gidan yarin Fatakwal, wanda aka gina a 1918 don mutum 804, ya sha ɗaukar dubbai. Jiran nan kan kai watanni, wani lokaci shekaru, cikin yaro kuwa ba ya jira.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, ɗauri ba ya sauke wa uba nauyin 'ya'yansa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin Ribas da Anambara da Inugu suka yi irinta, ta ba yaro haƙƙin iyayensa su ɗauki nauyinsa gwargwadon ƙarfinsu, kuma ana iya neman wannan haƙƙi a kotu.

A mazhabar Malikiyya ma haka abin yake. Ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga ya iya nema da kansa, mace kuma har ta tare a gidan mijinta. Matuƙar uban yana da dukiya, daga cikinta za a ciyar da su, ko yana nan ko ba ya nan. Annabi (SAW) ya yi wa Hindu matar Abu Sufyan izinin ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta, ba tare da wuce iyaka ba. Amma idan uban ba shi da komai, Malikiyya ba ta tilasta wa wansa ko ƙanensa ko kakan yaran ba. Abin da za su yi zumunci ne da neman lada.

Ka ga ke nan rayuwar yaran ta rataya ne a kan ɗan jarin da uban ya bari. Jarin ɗan kasuwa kuwa ba a banki yake ba. Yana cikin buhunan albasar da za su iya ruɓewa, da bashin da yake bin abokan ciniki, da zubin adashe, da abin da ya ajiye a hannun maigidansa. Kuskuren da dangi suka fi yi shi ne su tattara duka su zuba a hannun masu cewa "kawo a fito da shi". Kuɗi ya tafi, mutum bai fito ba, gida ba hatsi.

Saboda haka tun a makon farko, ka sa wani amintacce ya ziyarce shi, ya faɗi abin da ya mallaka, da wanda yake bi, da wanda ke bin sa. A rubuta a gaban shaidu biyu. Kayan gwari a sayar da su nan take. A ware kuɗin abinci da na makaranta da na magani kafin a taɓa komai, a riƙa tura wa uwar yaran kai tsaye, ba ta hannun wani ba.

Babu kotun Shari'ar Musulunci a waɗannan jihohi uku, don haka ka nemi Sarkin Hausawa da limamin unguwa da shugabannin 'yan kasuwa, ko a Fatakwal ne ko Anacha ko Inugu. Su ne masu bakin da za su sa a biya bashi, a kuma tsare masa rumfarsa. Batun lauya kuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi. Ka kuma tuna cewa a doka beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Idan kai ne ka ɗauki nauyin yaran da niyyar a biya ka in ya fito, ka faɗa tun yanzu a gaban shaidu, don kada alheri ya zama rigima gobe.

A gida kuma, a kula da yaran. Kada a cire su daga makaranta a ɗora musu talla. A faɗa musu gaskiya daidai da hankalinsu, kafin su ji ta a bakin 'yan unguwa da sigar gori. In ka ga yaro ya rame, ya daina wasa, ko ya koma fitsarin kwance, a ja shi a jiki, a kai shi asibiti.

Ko uban ya yi laifi ko bai yi ba, alƙali ne zai faɗa. Yaran dai ba su yi wa kowa komai ba. Allah Ya kare mana iyalanmu.