Hawan dutsen Gangirwal: ta Gashaka za ka bi ko ta Nguroje?

Tun da na sa hotunan tafiyarmu a Facebook, samari 'yan uwanmu na Agege da Sabon Ibadan da garken Lokpanta suke ta tambayata abu ɗaya: ta ina ake hawa dutsen nan? Shi ya sa na ga gara in yi bayani sau ɗaya kowa ya gani.

Dutsen da ake magana shi ne Chappal Waddi, wanda Fulani ke kira Gangirwal. Yana jihar Taraba, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, a gefen gandun dajin Gashaka-Gumti wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. Ni a Lafiya na tashi, kafin wannan tafiyar iyakar hawana duwatsun Eggon da ke kan hanyar Akwanga, waɗanda za ka hau da safe ka sauko ka ci tuwon dare a gida. Gangirwal ba haka yake ba. Kafin ka taɓa gindinsa ma ka yi kwanaki a hanya, kuma a waɗannan kwanakin ne yawanci tafiya ke lalacewa.

Daga Lafiya mun bi Makurɗi, Wukari, Bali, muka sauka Serti. Mai zuwa daga kudu shi ma Serti zai nufa, don nan ofishin gandun yake. Dole ka yi rajista, ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandun da zai raka ka. Kada ka ce za ka zagaye wannan. Wuri ne na kan iyaka, baƙon da ba a san da zuwansa ba yana jawo wa kansa tambayoyi.

Daga Serti hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce ka shiga ta ƙauyen Gashaka, ka ratsa kurmi da ƙafa har ka ɓulla saman dutse. Ta biyu kuma ka zauna a mota ka wuce Mayo Selbe, ka hau tsaunin Mambila, ka bi Maisamari zuwa Nguroje, daga nan acaɓa ya kai ka Njawai, sannan ka fara takawa.

Mu uku muka tafi, kuma sai da muka kusa ɓatawa kan wannan. Abokina da ya taso daga Legas ya buɗe taswirar waya ya ce ai ta Gashaka layin ya fi miƙewa, me zai sa mu yi zagaye? Kuma yana son ganin birai, don dajin nan akwai irin manyan biran da ake zuwa daga Turai nazarinsu. Ni ma raina ya so hakan. Da na kira Baba, wanda ya yi shekaru yana sayo shanu a kasuwannin Mambila, bai ce mini bi nan ko can ba. Tambayoyi ya jero mini, irin waɗanda yake yi wa mai kora kafin ya damƙa masa shanu: rafi nawa za ku tsallaka, ina za ku kwana, in ɗayanku ya gurɗe ƙafa awa nawa ne zuwa inda babur ke shiga, kuma wa ya san ku a hanyar? Na rasa amsar ko ɗaya game da hanyar Gashaka.

Ga abin da taswirar waya ba ta nuna wa abokina ba. Yankin Gashaka ƙasa yake, bai kai mita 500 ba daga saman teku. Wanda ya fara daga can kusan mita 2,000 zai hau da ƙafarsa, da kaya a baya. Mambila kuwa tudu ne mai kimanin mita 1,600, wato mota ta riga ta ɗauke maka kashi biyu cikin uku na hawan tun kana zaune. Abin da ya rage maka kimanin mita 800 ne, ko da yake hawa da gangara na tsakani suna ƙara shi sosai, don tudun Mambila ba shimfiɗaɗɗe ba ne.

Sai maganar ruwa. Ta ƙasa akwai Mayo Kam da wasu rafuka da dole ka shiga. Da rani ana tsallakawa, amma daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama ɗaya a kan duwatsu ya isa ya cika rafin da ka tsallaka jiya, ka maƙale tsakanin ruwa biyu guzuri na ƙarewa. Ga zafi, ga ƙudan tsando. Wannan ƙudan ne ma dalilin da ya sa shanu suka fi yawa a saman Mambila, don sanyin can ba ya barinsa. Inda shanu suke kuwa akwai ruga, akwai turba, akwai jauron da za ka gaisar ya nuna maka wurin kwana, ka sami kindirmo. A kurmi komai a kanka yake, ko a kan 'yan dakon da za ka biya har mako guda ko fiye.

Mun bi ta Nguroje, a watan Janairu. Ba zan ce hanyar ba ta da nata ba. Hawan acaɓa zuwa Njawai ya fi tafiyar ƙafa gajiyar da ni, sau biyu muna sauka muna tura babur. A fili kake tafe, babu inuwa, hazo kuma kan rufe ka har ka daina ganin wanda ke gabanka. Ba don ɗan jagora ba da mun bi turbar shanu mun faɗa Kamaru. Sanyin dare kuwa, wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Na tafi da rigar sanyi ɗaya irin ta hunturun Lafiya, na kwana ina karkarwa har wani dattijo a ruga ya ara mini bargo. Abokina shi kuma sabon takalmi ya saya don tafiyar, rana ta biyu ƙafarsa duk ta yi bororo. A nan na gane tambayar Baba ta uku: da a tsakiyar kurmi abin ya same shi, ɗaukarsa za mu yi. A nan kuwa lallaɓawa muka yi har muka kai sama muka dawo inda babur zai ɗauke shi.

Ra'ayina, wanda bai taɓa zuwa ba kuma hutunsa na kasuwa bai wuce kwana goma ba, ya bi ta Nguroje, tsakanin Disamba da Fabrairu. Hanyar Gashaka ta mai lokaci ce da kuɗin 'yan dako, wanda dajin ya je gani ba ƙololuwar kaɗai ba. Ni ma ina da niyyarta, in Allah ya yarda, amma da tsohon takalmi.

Ka riƙe tsabar kuɗi tun daga Serti, ka ɗauki katin shaidarka, kuma ka faɗa wa na gida ranar da za su fara nemanka, don sabis na ɗaukewa ka yi kwanaki ba a ji daga gare ka ba.