BABI NA UKU: ƊAURA DAINAMON HOB DA FITILU A KEKEN KISHINGIƊA MAI ƘAFA UKU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ake ɗaura dainamon hob da fitilu a jikin keken kishingiɗa mai ƙafa uku. Za a fara da bayyana irin keken da ake magana a kansa, sannan a duba yadda dainamon yake samar da wuta, daga nan sai a bi matsalolin da makaniki yake cin karo da su ɗaya bayan ɗaya. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wahalar wannan aiki daga ƙirar keken take tasowa, wato yadda aka riƙe wilinsa, da ƙanƙantar wilin, da kuma kusancin keken da ƙasa. Batun yana da muhimmanci domin kan mahayin irin wannan keke bai cika wuce mita ɗaya daga kwalta ba. Idan dare ya yi, fitila ce kaɗai take sanar da direban mota cewa akwai mutum a gabansa.

3.1 Keken Kishingiɗa Da Ire-Irensa

Keken kishingiɗa shi ne keken da mahayinsa yake zama a kujera mai majingina, ƙafafunsa a miƙe gaba suna juya feda. Ya yi suna a Faransa ta hannun Charles Mochet, musamman a shekarar 1933 lokacin da Francis Faure ya yi tafiyar kilomita 45 da ɗoriya cikin awa ɗaya a kan kekensa. A shekarar 1934 hukumar tseren keke ta duniya ta hana shigar da irinsa gasa. Mai ƙafa uku na zamani kuwa ya bunƙasa ne daga shekarun 1980, lokacin da Mike Burrows ya ƙera Windcheetah a Ingila, sai Ian Sims ya kafa Greenspeed a Ostireliya a 1990. Ya kamata a lura cewa wannan keke ba shi da alaƙa da A-daidaita-sahu, domin shi da ƙarfin ƙafa ake tuƙa shi.

An kasa keken gida biyu. Kashi na farko shi ne mai wili ɗaya a gaba, biyu a baya, wanda ake kira delta, kamar Kettwiesel na kamfanin Hase a Jamus. A jerin ƙafafu ya yi kama da keken guragu da aka saba gani a Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa. Kashi na biyu shi ne mai wili biyu a gaba, ɗaya a baya, wanda Turawa suke kamanta shi da talibambam saboda faɗin gabansa da sirancin bayansa. Irinsa ne kamfanonin ICE na Ingila da HP Velotechnik na Jamus da Catrike na Amurka suka fi ƙerawa. Wannan rabe-rabe shi ne tushen duk bayanin da zai biyo baya.

3.2 Yadda Dainamon Hob Yake Aiki

Hob shi ne cibiyar wili, inda sifok suke haɗuwa, kuma a cikinsa aksil yake. Dainamon hob ƙaramin injin ba da wuta ne da aka gina a cikin wannan cibiya. A jikin bangon hob ta ciki an jera maganaɗisu, a kan aksil kuma an kafa naɗin wayar tagulla. Idan wili ya juya, maganaɗisun suna kewaya naɗin wayar, shi kuwa aksil yana tsaye cik, sai wuta ta samu. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a shekarar 1831. Wutar da take fitowa mai kai-da-komo ce, irin wadda take sauya alƙibla sau da dama a cikin daƙiƙa guda.

Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham, wanda a da yake ƙarƙashin Raleigh, shi ne ya yaɗa wannan fasaha da hob ɗinsa mai suna Dynohub tun daga shekarun 1930. A 1995 kuma Wilfried Schmidt na garin Tubingen a Jamus ya fito da hob mai suna SON, wanda nauyinsa da jan da yake yi wa ƙafa suka ragu ƙwarai. Ma'aunin da aka saba da shi, wanda dokar hanya ta Jamus ta kafa, shi ne bolt 6 da wat 3: wat 2.4 na fitilar gaba, wat 0.6 na ta baya. Dainamon ba ya ba da abin da ya wuce kimanin rabin amfiya komai gudun keken. Hob mai kyau yakan ci kamar wat 5 zuwa 7 daga ƙarfin mahayi idan fitila tana kunne, in an kashe ta kuwa jan ba ya taka kara ya karya.

Bambancinsa da dainamon kwalba, wanda aka sani a jikin tsofaffin kekunan Rali da Fonis, a fili yake. Na kwalba yana gogar gefen taya ne, saboda haka yana ƙara, yana cin taya, kuma yana sulɓewa idan ruwan sama ya jiƙa ta. Na hob a rufe yake, ba ruwansa da damina.

3.3 Matsalar Aksil

Dainamon hob na yau da kullum an yi shi ne domin fok, wato ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa wanda yake riƙe aksil ta dama da hagu, da tazarar milimita 100 a tsakani. A keken delta babu wata matsala, tun da wilin gaba a cikin fok yake, sai dai a kwance sifok a sake saƙa wilin a kan sabon hob. A nan ne delta ya sha bamban da keken guragu, wanda galibi wilinsa na gaba ne sarƙa take ja, don haka hob ɗin ya riga ya samu aikin yi.

A keke mai wili biyu a gaba kuwa lamarin ya sauya. Babu fok ko ɗaya. Kowane wili ta gefe ɗaya aka riƙe shi, a kan gajeren aksil mai kauri, galibi milimita 12, kamar yadda ake riƙe tayar mota. Hob na fok ba zai shiga nan ba, kuma ƙoƙarin tilasta shi haɗari ne, domin siririn aksil ɗinsa ba zai ɗauki nauyi ta ɓangare guda ba. Wilin baya shi ma ba ya karɓa, saboda hob ɗinsa na giya ne. Mafita ita ce hob da aka ƙera musamman domin riƙon gefe ɗaya, kamar SON XS-M na kamfanin Schmidt. Kafin a saya wajibi ne a tabbatar da abubuwa uku: cewa aksil ɗinsa ya dace da wurin ɗauri na wannan samfurin keken, cewa ya dace da irin birkin da yake jiki, da kuma cewa yawan ramukansa ya yi daidai da na rim. Batun birki shi ya fi kawo cikas, domin kekuna da yawa birkinsu na ganga ne a cikin hob, wanda ke nan cire hob cire birki ne.

Idan hob bai samu ba, akan koma ga dainamon da yake gogar rim ko taya a wilin baya, ko kuma fitilar batir. A Jamus ma, inda doka ta daɗe tana wajabta dainamo, an halatta fitilar batir tun daga 2013.

3.4 Girman Wili

Ƙarfin dainamo ya danganta ne da yawan juyin wili. Wilin keke na inci 28 yana cin kimanin mita 2.1 a kowane juyi, na inci 20 da aka fi sa wa keken kishingiɗa kuwa kimanin mita 1.5. Alal misali, a gudun kilomita 20 cikin awa, babban wili yana juyi kusan sau 160 a minti ɗaya, ƙaramin kuma kusan sau 220. Idan aka sa hob na babban wili a ƙarami, fitila za ta cika da haske tun ana tafiya a hankali, wanda alheri ne ga mai hawan tudu. Amma idan gudu ya ƙaru, jan da yake yi wa ƙafa zai ƙaru ba tare da haske ya ƙaru daidai da shi ba. Wannan ne ya sa Schmidt ya ƙera hob na musamman domin wilin inci 20, wanda daga baya aka sa masa suna SONdelux. Ke nan girman wili yana cikin abubuwan da za a duba kafin zaɓen hob.

3.5 Matsayin Fitilu

A keke mai wili biyu a gaba, fitilar gaba akan ɗaura ta ne a ƙarshen sandar da take ɗauke da feda, a kan ɗan turken na'urar canza giya. Dole ta kasance gaba da ƙafafun mahayi ko sama da su, in ba haka ba takalmansa za su riƙa gilmawa suna yanke hasken. Dokar Jamus ta ce fitilar gaba ta kasance tsakanin santimita 40 da 120 daga ƙasa, ta baya kuma tsakanin 25 da 120. A Birtaniya, dokar 1989 ta ce ta baya kada ta gaza santimita 35. Da yake sandar feda ƙasa take, sau da yawa sai an ƙara wa fitilar ɗan turke kafin ta kai ma'auni.

Fitilar da take kusa da ƙasa tana jawo doguwar inuwa a bayan kowane dutse, tana kuma ɓoye zurfin rami. Har ila yau, tun da a jikin firam take, ba ta bin sitiyari idan an sha kwana. Saboda haka an fi son fitilar LED mai faɗin haske, wadda samanta yake a yanke don kada ta kashe wa mai tahowa ido, kamar waɗanda Busch & Müller suke yi. Wajen saiti, akan tsayar da keke a gaban bango, a karkata fitilar har layin yankewar hasken ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kanta.

Fitilar baya ja ce, kuma an fi son ɗaura ta a saman majingina ko a bayan kariya, inda jakar kaya ba za ta rufe ta ba. Yana da kyau fitilun biyu su kasance masu kafasita, wato ɗan rumbun ajiyar wuta da yake riƙe haske na 'yan mintuna bayan an tsaya. Dainamo ba ya aiki sai wili yana juyi, alhali mahaɗar hanya, inda ake tsayawa, ita ce wurin da ƙaramin keke ya fi bukatar a gan shi.

3.6 Jan Waya

Waya tana tashi daga hob zuwa fitilar gaba, daga can kuma wata ta tafi fitilar baya, ta yadda makunni ɗaya zai sarrafa duka biyun. Akan yi amfani da waya mai harshe biyu, kada a dogara da firam wajen komawar wuta, domin gaɓoɓin sitiyari da maiko da fenti suna katse ta. Wurare uku ne suke bukatar lura. Na farko shi ne inda wili yake karkata, a nan sai a bar wa wayar lanƙwasa, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe a ga ba ta ɗame ba. Na biyu shi ne sandar feda, wadda ake tsawaitawa ko a gajarta gwargwadon tsawon mahayi, don haka a bar rara. Na uku shi ne mahaɗin keke mai naɗewa, inda ya kamata a sa filogi. Bayan haka sai a ɗaure wayar nesa da sarƙa da faifan birki da diddigen mahayi. A ƙarshe a ɗaga wilin a juya shi da hannu. Idan fitilun biyu suka yi walƙiya, haɗin ya yi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa dainamon hob yana ba da wat 3 a kowane irin keke, amma ɗaura shi a keken kishingiɗa yana bin ƙirar keken ne. A delta aikin bai wuce sake saƙa wili ba. A mai wili biyu a gaba sai an nemi hob na riƙon gefe ɗaya wanda ya dace da aksil da birki. An kuma nuna tasirin ƙaramin wili, da tsayin da doka ta gindaya wa fitilu, da wuraren da waya take yawan tsinkewa. Jerin aikin ke nan: a fara duba aksil, sannan birki, sannan girman wili, kafin a zo kan fitila da waya. Makanikin da ya sayi hob kafin ya duba aksil, ya yi gini ne ba tare da tona harsashi ba, kuma mahayin ne zai ɗauki asarar a kan hanya da dare.