Shirin Musamman: Ciwon Hanta Mai Taɓa Ƙoda

 

Yau maganarmu a kan ciwon hanta nau'in C ne, da ɓarnar da yake yi wa ƙoda. Ƙwayar cutar, wadda masana suka gano a 1989, ta jini take shiga jiki: askar wanzami da ba a tafasa ba, ƙahon da aka yi wa wani aka juyo kanka, rezar mai yankan farce a kasuwar Alhamis ta Shinkafi, allurar da aka maimaita a kemis, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Tana iya shekara 20 a jiki mutum yana noma yana fatauci, ko shawara ba ta bayyana a idonsa ba.

To ina ruwan ƙoda? Garkuwar jiki ce ke ta fafatawa da ƙwayar shekara da shekaru, tana fitar da sinadarai masu dunƙulewa a cikin jini. Ƙoda kuwa rariya ce mai ƙananan ƙofofi, nan dunƙulen ke maƙalewa har wurin ya kumbura ya fara yoyo. Sai a ga fitsari yana kumfa ko ya yi duhu, ƙafa da fuska sun kumbura, jini ya hau. Cutar kuma tana ƙara haɗarin ciwon suga, wanda shi ma ƙodar yake ci.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a wannan gaɓar ake tafiya neman jiƙo, ko a riƙa haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac, waɗanda ke ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana. Kafin a farga an kai ga wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, a Gusau ko Sakkwato, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaron da suke ciki. Gona nawa za a sayar?

Alhali ciwon hantar yana warkewa. Ba shi da allurar rigakafi irin ta nau'in B, amma akwai ƙwayoyin da ake sha kullum na kimanin mako 12, masu warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, har da masu raunin ƙoda. Masar, wadda a da cutar ta fi addaba a duniya, ta gwada mutum sama da miliyan 50 daga 2018, ta ba masu ɗauke da ita magani kyauta. Hukumomin lafiya na Zamfara su duba wannan.

Malam, Hajiya, in kun ga kumburi ko kumfar fitsari, ku je babban asibitin garinku ku ce a gwada jininku na ciwon hanta nau'in C, a duba fitsari. In gwajin farko ya nuna, akwai na biyu da ke tabbatar da ko ƙwayar tana nan kafin likita ya rubuta magani.