Cin jarrabawa daban, samun gurbi a jami'a daban

Idan sakamakon BAC, jarrabawar kammala sakandare ta Nijar, ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a zaurukan Madarumfa da Gabi da Ɗan Isa: "Ya samu ko bai samu ba?" Na daɗe ina koyarwa a wannan yanki, kuma tambayar nan tana damuna, domin jami'a ba a nan take tsayawa ba. Takardar maki take buɗewa, ta bi darasi ɗaya bayan ɗaya, ta fifita wani a kan wani. Wata jami'ar ma sai ta haɗa jarrabawa uku kafin ta yanke hukunci. Mu da Allah ya zaunar tsakanin Maraɗi da Katsina, ƴaƴanmu suna neman karatu ta kowane ɓangare, saboda haka lissafi biyu ya kamata mu iya.

A nan Nijar, kowane darasi ana ba shi maki bisa 20, amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba: ya danganta da seri, wato ɓangaren karatun da ɗalibi ya zaɓa. A seri A, faransanci da falsafa da harsuna ne masu nauyi. A seri C, lissafi da fizik. A seri D, ilimin halittu ne ke shiga gaba tare da su. Ana ninka makin kowane darasi da nauyinsa, a tara, a raba da jimillar nauyin. Wanda ya kai 10 ya samu. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi dama a zagaye na biyu. Daga 12, da 14, da 16 kuma akwai darajojin yabo da ake rubutawa a takardar.

A ce ɗalibai biyu na seri D sun fito da 11 kowannensu. Ɗaya ilimin halittu da fizik ne suka ɗaga shi, ɗayan kuwa tarihi da faransanci ne suka cece shi. A gida ana ganin su daidai. Amma idan suka nemi karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sai bambancin ya fito, domin gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma darussan kimiyya ake sa wa ido. Hukumar ANAB mai ba da tallafin karatu ita ma tana duba makin da yaro ya samu.

Da an ƙetara Ɗan Isa zuwa Jibiya, lissafin ya canza. A Najeriya, mataki na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC da aka kafa a 1952 ko ta NECO da aka kafa a 1999. Ana neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, har da turanci, da kuma lissafi a yawancin fannoni. Yawancin jami'o'i sun yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Yarinyar da ta faɗi lissafi a WAEC amma ta ci shi a NECO tana iya haɗa takardun biyu ta cika biyar. Sai dai a fannin likitanci, jami'o'i da yawa sukan ce sai an samu duka a zama ɗaya.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darasi huɗu ake rubutawa a kwamfuta, turanci dole ne, jimillar maki 400. Wannan sakamakon na shekara ɗaya ne kawai: ba a ajiye shi, ba a kuma haɗa na bara da na bana. Mataki na uku shi ne tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka sani da Post-UTME. An fara ta a 2005, gwamnati ta dakatar da ita a 2016, ta dawo da ita a 2017.

Kowace jami'a da yadda take haɗa waɗannan. Wasu kan raba makin JAMB gida takwas ya koma bisa 50, sauran 50 kuma su fito daga tantancewa. A wannan tsari, mai 280 a JAMB yana da 35. Idan ya samu 40 bisa 100 a tantancewa, an ƙara masa 20, jimla 55. Mai 240 yana da 30, amma idan ya samu 60 bisa 100 a tantancewa, an ƙara masa 30, jimlarsa 60, ya wuce wancan. Wasu jami'o'in kuma suna ba da maki ga kowane A1 ko B2 na sakandare. Bayan haka, jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurbi uku: kashi 45 bisa ɗari don cancanta, 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 don jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Ɗan Nijar mai BAC da ke son shiga can, sai an tantance takardarsa an daidaita ta da tasu, kuma sai ya iya turanci.

A Amurka akwai wata hanyar. Ɗalibi na iya rubuta SAT, mai maki 1600, fiye da sau ɗaya, kuma jami'o'i da dama suna ɗaukar makinsa mafi kyau na lissafi daga wannan zama, na karatu da rubutu daga wancan, su haɗa masa. Ni dai ina ganin adalci a cikin wannan, da kuma cikin zama biyu na Najeriya da zagaye na biyu namu. Yaron da zazzaɓin damina ya kayar ranar jarrabawa bai kamata yini ɗaya ya rufe masa ƙofa ba. Amma sake zama kuɗi ne, kuma ɗan manomin gero ba ya da aljihun ɗan alhajin birni.

Shi ya sa sanin ƙa'ida tun da wuri ya fi amfani ga talaka, domin shi ba ya da halin gwadawa sau uku. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun zaɓi seri don abokinsu ya zaɓa, sai bayan BAC suka gane hanyar ba ta kai inda suke so. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Roƙona ga ƴan'uwana malamai shi ne mu tara iyaye tun yaro yana karɓar BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, mu zana musu lissafin nan a allo, da Hausa. Ku kuma iyaye, ko ba ku yi boko ba, ku je makaranta da tambaya uku: Wane aiki yaron ke so? Waɗanne darussa ne masu nauyi a hanyarsa? Jami'ar da yake hari, jarrabawa nawa take haɗawa? Haƙƙinku ne a ba ku amsa, mu kuma aikinmu ne mu bayar da ita.