Giranit da basalti: abin da alƙaluma ke nunawa daga Masama zuwa Biu

Kusan kashi 65 cikin ɗari na ɓawon duniya duwatsu ne da suka daskare daga narkakken dutse, bisa lissafin da Ronov da Yaroshevsky suka wallafa a 1969. Duwatsun da zafi da matsi suka sauya wa kama sun ɗauki kashi 27. Waɗanda suka taru daga yashi da laka kuwa kashi 8 ne kacal.

Cikin wannan kaso mafi girma, basalti da ɗan'uwansa gaburo ne ke da kashi 42 na ɓawon baki ɗaya, giranit kuma kashi 10, wato rata ta ninki huɗu. Dalilin yana ƙarƙashin ruwa: teku ya rufe kashi 71 na doron duniya, kuma daɓensa galibi basalti ne. Giranit na tudu ne, shi ya sa ido ya fi sabawa da shi.

Silika ce ma'aunin da ke raba su. Ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta duniya, IUGS, ta sanya silikar basalti tsakanin kashi 45 zuwa 52 na nauyi. Matsakaicin silikar giranit kashi 72 ne, bisa gwaje-gwaje 2,485 da Blatt da Tracy suka tattara. A wannan lissafin ƙarfen da ke cikin giranit kusan kashi 3 ne, na basalti kuma yakan haura ninki uku na hakan. Daga nan launi ya bambanta: basalti baƙi, giranit fari-fari ko jaja-jaja.

Basalti na fitowa daga aman wuta da zafin digiri 1,100 zuwa 1,250, ya huce nan take a sarari, don haka ƙwayoyinsa ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma. Giranit a cikin ƙasa yake hucewa sannu a hankali. In an fasa shi, ƙwayoyinsa kan fito ɓaro-ɓaro kamar tsabar gero.

Kiyubik mita ɗaya na dunƙulen giranit na da nauyin tan 2.7, na basalti kusan tan 3. Bambancin kashi 10 ne. Tifa biyu masu girma ɗaya, in an cika su da tsakuwa, ta basalti ce za ta fi danne taya.

A Masama da sauran ƙasar Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, babu ko ɗaya daga cikin biyun a sarari. Yankin na kan shimfiɗar yashi da yumɓu da masana suka raɗa wa sunan Gwandu, a kwarin Sakkwato, da marmara a saman tuddai. Wato yana cikin kashi 8 ɗin nan, wanda duk da ƙarancinsa ya lulluɓe kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyar ƙasa a duniya. Mai haƙa rijiya a nan yashi da laka yake ratsawa.

Giranit a jihar Kebbi sai an nausa kudu maso gabas, wajen Zuru da Yawuri, inda tsohon dutsen ya kai kimanin shekara miliyan 600. Na Jos, da na Riruwai a jihar Kano, bai wuce miliyan 140 zuwa 215 ba. Basalti kuwa ana samunsa a wurare irin su tudun Jos, da kuma tudun Biu a jihar Borno, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 5,000, inda mafi yawansa shekarunsa ba su wuce miliyan 5 ba.